Injin gofur da ƙullunsa: a ina ya kamata kuɗin ya shiga?

Tambayar ta zo ne daga wata ƴar'uwa mazauniyar Damagaram. Ta ce yaranta sun ci gofur a gidan ƙanwar mijinta a Yamai, wato wainar fulawar nan mai ramuka-ramuka da wasu ke kira waful, tun daga ranar suka hana ta sakat. Ta leƙa Kasuwar Dole da shagunan kayan wuta, ta ga injuna iri-iri: wani marar nauyi mai araha, wani mai juyawa, wani mai farantai uku da ake canzawa. Ta kuma ga garin gofur na kwali da aka ce ruwa kawai za a zuba masa. Wanne za ta saya, kuma garin kwalin ya cancanci kuɗinsa?

Ƙanwata, sannu da hidimar yara, Allah ya raya mana su. Sana'ata ce toya kayan fulawa na biki da suna, gofur kuma yana cikin abin da nake yi wa mutane, don haka abin da zan gaya wa ƴar cikina shi zan gaya miki. Kuɗin da kika ware, ki sa shi a ƙarfe, ki bar kwalin a kan kantarsa. Babu abin da ke cikin kwalin nan wanda ba ki da shi a ɗakin girkinki ko a shagon unguwa. Ƙarfe kuwa in kika sayi marar kirki, ko wace gwanar kwaɓi ce ta haɗa miki ƙullu, abin da zai fito fari ne fat, lagwai-lagwai, rabi manne a sama rabi a ƙasa.

Dalilin shi ne zafi ke yin gofur. Kin san halin masa, wato wainar tanda: in tanda ba ta ɗauki wuta sosai ba, sai ƙullun ya sha mai ya kwanta, ba ya tashi, gefensa ba ya yin ja. Tanda mai kauri kuma ta fi marar kauri don tana riƙe zafi a jikinta. Gofur ma haka yake, sai dai shi tandarsa biyu ce, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ana son farantan su kai digiri 180 zuwa 200. Da kin zuba ƙullu, zafin faranti zai faɗi nan take. Mai kauri kaɗan yake faɗuwa, nan da nan ya mayar, sai bayan gofur ya bushe ya yi garas-garas tun cikinsa yana da laushi. Marar kauri kuwa sai ya huce, ƙullun ya dahu da tururin kansa maimakon ya gasu. Jan nan da ƙamshin gashi ba sa fara fitowa sosai sai fuskar ƙullu ta kai wajen digiri 140, ita kuma ba ta wuce 100 muddin akwai ruwa a kanta. Aikin ƙarfe ke nan, ya ƙone ruwan saman da sauri. Duk wani abin da zan faɗa a kan inji, daga nan ya samo tushe.

Kafin ki koma kasuwa, fara duba wutar gidanki, domin a garin nan ita ce ke yanke hukunci. Wutarmu ta Nijar bolt 220 ce. Duk injin da aka miƙo miki, ki kifa shi, a gindinsa akwai ƴar takarda ko rubutun da aka buga mai nuna bolt da wat. Wannan za ki gaskata, ba manyan lambobin da aka zana a jikin kwali ba, don sau da yawa ba su zo ɗaya ba. Injin da zai gasa manya biyu ko matsakaita huɗu a zubi guda yana buƙatar wat 1000 zuwa 1200. Mai wat 700 ko 800 zai yi aiki in farantansa ƙanana ne. Ƴan mitsi-mitsin nan masu wat 350 da ke fitar da ɗaya tal mai faɗin tafin hannu, kyau gare su a hoto, amma gida mai yara biyar sai an yi kuka kafin kowa ya samu.

Inji mai wat 1000 yana jan wajen ampiya huɗu da rabi. Ki duba abin da aka rubuta a na'urar yanke wuta da ke kusa da mitarku. In ampiya 5 aka ba gidan, ga firigo ga fanka suna aiki, da kin kunna shi wutar gidan za ta faɗi. Ba lalacewa injin ya yi ba, kaya ne ya yi wa layin yawa. Sannan akwai matsalar da ta fi wannan ɓoyuwa, wato raunin wuta. Da bazara, in magariba ta yi kowa ya kunna abin sanyaya ɗaki, ƙarfin wuta yakan ragu a unguwanni da yawa. Abin da ke zafi da waya ba daidai da raguwar yake raunana ba, ya fi haka: in wuta ta sauko daga 220 zuwa 180, kashi ɗaya cikin uku na zafinsa ya tafi. Inji mai wat 1000 ya koma mai ƙasa da 700. Shi ya sa mace za ta ce jiya da safe ya yi kyau, yau da dare ya ƙi, alhali ƙullu ɗaya ne. Ki riƙa gashinki da safe. Ƙaramar na'urar daidaita wuta da aka saya don talabijin kuma ba za ta ɗauke shi ba, kada ki ƙona ta a banza.

A cikin kayan gwanjo ake samun injuna mafi kauri, musamman waɗanda suka fito daga Faransa, Beljiyam da Jamus, kuma wutarsu ɗaya da tamu. In shafen farantin bai ɓare ba, sau da yawa sun fi sabon kwali mai araha. Amma a cikin tarin nan akwai na Amurka, masu bolt 110 zuwa 120. Irin wannan in kika soka shi a bangonmu, zafin da zai ja ya ninka abin da aka ƙera shi don shi fiye da sau uku, ba ya daɗewa zai yi hayaƙi. Na'urar sauya wutar da za ta iya ɗaukarsa ta kan fi shi tsada. Ki bar shi ko da kyauta ne. Wanda aka kawo ta Kano kuwa wutarsa ta dace, sai dai kan wayarsa mai ƙafa uku masu kusurwa ne irin na Ingila, ba ya shiga soket ɗinmu mai zagayayyun ramuka. Ƴan mahaɗin roba masu araha da ake sayarwa don haka suna zafi su narke. Ki ba mai gyaran wuta ya canza miki kan wayar gaba ɗaya, ya haɗa har da wayar ƙasa. Haka siririyar wayar ƙari ta cajin tarho, ba ta wannan aiki ba ce, bango kai tsaye za ki soka.

In da sola kuke amfani, lissafin ya fi tsanani. Wat 1000 daga batir mai bolt 12 ya haura ampiya 80, rabin awa kawai ya isa ya sauke ƙaramin batir. Ƙaramin gurup, wato janareta, mai wat 650 ko 950 ma ba zai ja ba.

Wannan ya kawo ni kan abin da ba ki tambaya ba, wanda kuma a ganina shi ya fi dacewa da gidaje da yawa a Damagaram: ƙarfen gofur na ɗorawa a kan wuta. Farantai biyu ne masu ramuka, haɗe da juna, da dogayen mariƙai, babu waya babu fitila. Kada ki raina shi. Da irinsa Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna gasa gofur a bakin murhu. A 1869 ne wani Ba'amurke mai suna Cornelius Swartwout ya yi rajistar nasa samfurin na ɗorawa a kan murhu, na lantarki kuwa sai a farkon ƙarni na 20 ya fito. Wanda ya zauna garin nan a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ba sai an yi masa wa'azi kan amfanin abin da ba ya jiran lantarki ba. Gas kuma tun da matatar man fetur ta SORAZ ta fara aiki a 2011 ya shiga gidaje da yawa, butar kilo 6 ta ishe ki. A kan gawayi ma yana yi, in garwashin ya gama ruruwa ya kwanta.

Yadda ake yi da shi, ki ɗora shi a rufe a kan matsakaiciyar wuta, kowane gefe minti uku ko huɗu. Ki shafa mai, ki zuba ƙullu, ki rufe, nan take ki juya shi, don ƙullun ya gangaro ya cika ramukan ɗaya farantin. Wajen minti biyu kowane gefe. Na farko da na biyu na koyo ne, daga nan hannu ya gane wutar. Akwai na baƙin ƙarfen zubi, mai nauyi, wanda sai an horar da shi da mai kafin ya daina kamu, amma har jikoki za su gaje shi. Akwai na alminiyam mai shafe, mai sauƙin ɗagawa. Wata za ta ce a kai wa masu zubin tukwane su zuba. Suna iyawa, amma abu biyu nake jin tsoro: in farantan ba su haɗu daidai ba ƙullu zai riƙa tsiyaya, sannan tarkacen da ake narkarwa wani lokaci akwai darma a ciki, ita kuwa guba ce, ga yara musamman. Aibin ƙarfen wuta guda ne, ba a barinsa a je wani aiki, tsayuwa ake yi a kansa.

To in dai na lantarkin kika fi so, ga abin da nake yi in na shiga shago. Ɗaga shi nake fara yi. Injuna biyu masu girma ɗaya, wanda ya fi nauyi shi ya fi kaurin faranti, shi zan ɗauka. Araha ba ta ado, a nan kuwa arahar daga kaurin faranti ake ciro ta. Sunan da aka liƙa a jikinsa ba ya ruɗa ta, tunda jabu sun cika gari, nauyi kuwa ba a iya yin jabunsa cikin sauƙi. Sai in duba ko yana da maɓallin ƙara zafi da ragewa. Da yawa ba su da shi, ƴan fitilu biyu kawai gare su, ja da kore, zafinsu ɗaya ne ko kina so ko ba kya so. Ana iya zama da su, amma ranar da kika kwaɓa ƙullu mai sukari da yawa za ki so a ce kina iya rage wuta. Sai mahaɗin marfin: ki rufe, ki ɗan ɗaga ta baya. Wanda ke da ɗan wasa yana ba ƙullu damar tashi daidai ko'ina. Wanda ya ƙage, gofur zai fito gaba da kauri baya a matse. Ki duba ko akwai ɗan kwari a kewayen faranti mai tare ƙullun da ya yi ambaliya, in babu, cikin wayoyi zai riƙa gangarawa. Ki shafa yatsa a kan shafen, kada ki karɓi mai ƙarzuwa ko ƙuraje. Daga ƙarshe kada ki biya sai an kunna a gabanki. Cikin minti huɗu ko biyar farantan biyu su yi zafi, na sama da na ƙasa. Ki yarfa ɗigon ruwa a kowanne, ya yi tsalle ya ɓace. Akwai wanda ƙasa kawai ke zafi sosai, ba za ki sani ba sai kin je gida.

Mai farantai uku da ake canzawa, na gofur da na gasa burodi da na nama, yana da daɗin wanki tunda ana ciro su. Amma farantan yawanci ba su da kauri, ramukan ba zurfi, kuma ba a manne suke da wayar zafin ba, sai zafin ya riƙa isowa a makare. In burodin yara ne babban burinki, gofur sai jefi-jefi, saye shi ba laifi. In gofur kike nema, ki ɗauki wanda aikinsa ke nan. Mai juyawa kuwa yana da amfani na gaske ga ƙullu mai ruwa-ruwa, amma yana cin wuri, yana da tsada, wurin juyawar kuma shi ke fara lalacewa. Ga gida ba dole ba ne.

Zurfin ramuka ya danganta da irin gofur ɗin da yaranki suka ci, sai ki tambayi ƙanwar maigidan. A Beljiyam, inda abin ya fi suna, iri biyu ne manya. Na birnin Burusel mai kusurwa huɗu ne, ramukansa masu zurfi, ƙullunsa ruwa-ruwa da yis ko bugaggen farin ƙwai, marar nauyi, ba shi da zaƙi sosai, da zafinsa ake ci. Na birnin Liyej kuwa ba ƙullu ba ne, kwaɓi ne mai tauri irin na burodi mai man shanu, da ƙwarorin sukari a ciki waɗanda ke narkewa su yi ja a jikin ƙarfe. Gefensa ba ya cika faranti, yana da nauyi da zaƙi, kuma yana kwana. Sai na Amurka, wanda bai kai su kauri ba, da lebur ɗin kek ake tayar da shi, shi ne mafi sauƙi. Faranti mai zurfin ramuka yana iya ukun duka. Marar zurfi, da masu siffar zuciya irin na ƙasashen arewacin Turai, ƙullu mai ruwa kawai suke karɓa.

Yanzu garin kwali. Ki juya bayansa ki karanta: fulawa, sukari, lebur, gishiri, wani da madarar gari da garin ƙwai da mai da ƙamshi. Kuɗin jirgi da kwastan da kwali kike biya. Kuma lebur ɗin da ke ciki ba ya son zafi da daɗewa, kwalin da ya yi watanni a shago a zafin garin nan ƙarfinsa ya ragu ko da ranar da aka buga a jiki ba ta wuce ba. Wanda aka ce ruwa kawai shi ya fi ba da gofur marar armashi, don man da ke ciki bai isa ba. In har an kawo miki tsaraba, ki yi amfani da shi, amma ki ƙara ƙwai ɗaya da mai cokali biyu ko uku, ki sa madara maimakon ruwa. Ki kuma duba abu biyu saboda addini. Sinadarin da ake rubutawa E471 ana iya yin sa daga man tsiro ko daga kitsen dabba, in ba a bayyana ba kuma babu tambarin halal, ni dai barinsa nake yi. Ruwan banila na kwalba kuma da yawansa da barasa ake jiƙa shi, sukarin banila na ƴar takarda ya wadatar.

Ga haɗin da nake yi. In ba ki da sikeli, ƙaramin gwangwanin madarar ruwa mai giram 170 ya zama ma'auninki, yana ɗaukar wajen mililita 160 na ruwa, fulawa kuma giram 85 in ba a danna ba. Fulawa giram 200, sitacin masara giram 50, sukari babban cokali 2, lebur ɗin kek ƙaramin cokali 2, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ki tankaɗe su tare. A wani kwano ki kaɗa ƙwai 2 da madara mililita 350 da mai mililita 80, wato rabin gwangwani. Ki juye mai ruwan a kan busasshen, ki juya har gari ya ɓace, ki tsaya. Ƴan gudaji ba komai, za su narke. Ki bar shi minti goma ko sha biyar. Wannan zai ba ki matsakaita wajen takwas.

Abu uku a cikin wannan haɗi kada ki taɓa su. Na farko man. Mata sukan ga rabin gwangwani su ce ya yi yawa su rage, sai gofur ya manne, su zagi inji. Mai shi ke soya fuskar gofur a jikin ƙarfe, shi ke sa ya saki. Man gyaɗa mai kyau ya fi ba da garas-garas, don babu ruwa a cikinsa. Man shanu ya fi ƙamshi, in soyayye ne ma ya haɗa biyun, sai dai namu yana da ƙarfin ƙamshi, rabi da rabi nake yi da man gyaɗa. Na biyu juyawa. Fulawar alkama tana da danƙon da ke tashi in an buga ta da ruwa. Mai burodi da mai fanke suna neman wannan danƙo, mai gofur gudunsa take yi. Sitacin masara ma don a rage shi aka sa, shi ke sa bayan ya daɗe bai yi laushi ba. Na uku sukari. Na san bakinmu da zaƙi, amma in kika cika shi a ƙullu, waje zai yi baƙi ciki bai nuna ba, kuma da ya huce sai sukarin ya jawo danshi ya saki jiki. Zaƙin a kai ake zuba shi: zuma, ko dabinon Bilma da aka jiƙa aka dama da madara, ko markaɗaɗɗiyar gyaɗa da ɗan sukari, ko mangwaro in lokacinsa ne.

In kina son kwalinki na kanki, ki ninka busasshen sau huɗu: fulawa giram 800, sitaci 200, sukari 120, lebur takarda 3 masu giram 11, gishiri giram 12, ki ƙara madarar gari giram 180. Ki tankaɗe sau biyu, ki zuba a roba mai marfi mai kamawa, nesa da rana da murhu. Ranar da za ki yi, ki ɗebi gwangwani 4, ki sa ƙwai 2, ruwa gwangwani 2, mai rabin gwangwani. Kada ki haɗa fiye da na wata guda, don madarar gari mai maiƙo tana canza wari a zafi, da damina kuma danshi yana kashe lebur. Gwajin lebur ba wuya, ki zuba rabin cokali a ruwan zafi, in bai yi kumfa nan take ba ya mutu.

Wanda na fi so a bakina shi ne na yis. Haɗin nan dai, ki cire lebur ki sa yis na burodi ƙaramin cokali ɗaya, madarar ta zama mai ɗumi, ki rufe ya tashi. Da bazara minti arba'in ya isa, in ya wuce sai ya yi tsami ya faɗi. Da hunturu sai ya haura awa ɗaya da rabi. Ɗanɗanonsa ya fi zurfi, cikinsa ya fi sakayau. Sai dai ki tuna akwai ɗanyen ƙwai da madara a ciki, ƙullun da ba ya firigo kada ya wuce awa biyu, a zafin bazara kuwa awa ɗaya. Mai son ya ƙara tashi kuma, ta raba farin ƙwai da gwaiduwa, ta buga farin da maburgi har ya yi kumfa mai tsayawa, ta sa shi a ƙarshe a hankali.

Kayanmu na gida suna shiga sosai. Nono mai tsami yana maye gurbin madara, sai ki rage lebur zuwa cokali ɗaya ki ƙara bikarbonat rabin ƙaramin cokali, tsamin da bikarbonat su ke haɗuwa su ba da iska. Kanwa ba na ba da shawararta a nan, ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga wannan zuwa waccan, in ta yi yawa sai gofur ya yi duhu da ɗanɗanon sabulu. Garin gero mai laushi yana iya ɗaukar kashi ɗaya cikin uku na fulawar, kuma tunda gero ba shi da danƙo, ranar ba kya buƙatar sitaci. Ki dai bar ƙullun ya jiƙa minti ashirin don tsakin ya yi laushi. In ya wuce kashi ɗaya cikin uku, gofur zai riƙa karyewa wajen cirewa. Da damina in ƙwan zabo ya yi araha, uku a madadin na kaza biyu.

In wata rana kika yi tunanin sayarwa, na Liyej za ki koya, don shi ke jure ɗauka da jira. Fulawa giram 500, yis giram 8, madara mililita 180, ƙwai 2, bota ko man shanu giram 200, ɗan gishiri. In kwaɓin ya tashi sai a cusa sukari giram 200 a yanka curi-curi. Ƙwarorin sukarin da ƴan Beljiyam ke sawa ba a cika samunsu a nan ba, sukarin kwali na shayi nake farfasawa, kowace ƙwara gida huɗu ko shida. Ya fi nasu saurin narkewa, don haka dab da gashi ake sa shi, a kuma rage wuta. Nan ne maɓallin nan zai biya kuɗinsa. Ki yi hattara da yatsunki da na yara, narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa ƙuna nesa ba kusa ba.

Wajen gashi, ki bar inji ya yi zafi sosai, ko fitila ta nuna ki ƙara masa minti biyu. Ludayi ɗaya a tsakiya, kada ki cika har baki. Kin rufe, kada ki leƙa. Tururi shi ne agogonki: muddin yana fita da ƙarfi ba a gama ba, in ya ragu sosai ki ɗaga a hankali, in marfin ya yi gardama ki ƙara masa minti ɗaya. Yawanci minti huɗu zuwa biyar ne. Da tsinken itace ake cirewa, cokali mai yatsu yana kashe shafe. Wanda ya fito ki shimfiɗa shi a kan raga iska ta ratsa ƙasansa. Kada ki jera su kan juna, kada kuma ki sa a kula kamar yadda muka saba da sauran abinci, tururinsu zai koma jikinsu, minti biyar sun zama lagwai-lagwai. Wanda ya kwana, ki mayar da shi cikin injin minti ɗaya, zai farfaɗo.

Wanki kuma, ba a tsoma na lantarki a ruwa, ba a kusantarsa da soson ƙarfe. Ki cire waya, tun yana da ɗumi ki shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ciki ki rufe minti biyar, abin da ya manne zai saki, sai ki bi ramukan da tsohon buroshin haƙori. Kada ki bar shi a kunne babu komai a ciki na tsawon lokaci, shafen nan yana fara lalacewa in zafi ya haura digiri 260. Ki ajiye shi a cikin kwalinsa ko leda saboda ƙurar hunturu, wadda ke haɗuwa da maiƙo ta toshe ramuka. In wata rana ya ƙi zafi gaba ɗaya, kada ki yi saurin jefar da shi. Mafi yawan lokaci ɗan fis ɗin kariyar zafi ne ya yanke, ko waya ta karye daidai inda marfin ke lanƙwasa ta, mai gyaran dutsen guga zai iya canza miki su. Ki dai ce masa ya sa sabon fis mai lamba ɗaya da tsohon, kada ya haɗe wurin da waya kai tsaye, don wannan ɗan abin shi ke hana gobara ranar da na'urar daidaita zafin ta maƙale.